Halal Ne, Amma Yana Cin Mu: Jawabi A Kan Sukari Da Abincin Leda

Wannan jawabi ne da wani ɗan'uwa ma'aikacin lafiya ya gabatar a wajen karatun mako-mako da ake yi bayan sallar La'asar. Wakilinmu ya naɗo, mu kuma muka rubuto maku saboda muhimmancinsa. A sha karatu lafiya.

 Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa Muhammadu (SAW) da iyalan gidansa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan'uwa, ga malamaina nan zaune, ni ban kai in buɗe baki a gabansu a kan sha'anin addini ba. An dai ce in tashi in faɗi abin da nake gani a wajen aikina, to shi zan faɗa, in na yi tuntuɓe a wani wuri su gyara mani.

Kwanakin baya an kawo mana wani dattijo, irin mutanen nan da ba a raba su da sahun farko. Ƙusa ce ta soke shi a tafin ƙafa, bai ma san ta soke shi ba, sai da iyalinsa suka ga jini a takalmi. Aka sa magani a gida, aka ɗaure, mako uku ciwo bai kama hanyar warkewa ba, har ya fara wari. Da muka auna jininsa sai muka tarar ciwon sukari ya daɗe a jikinsa, shekara da shekaru, shi bai sani ba. Daga ƙarshe dai sai da aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ranar da za a sallame shi ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ni fa ban taɓa shan giya ba, ban taɓa shan taba ba, haram bai taɓa shiga cikina ba da sanina. Ta ina wannan abu ya biyo?" Na tambaye shi yadda yake shan shayi. Ya ce sau uku a yini, kuma ba ya jin ya sha sai cokali ya kusa tsayawa a cikin kofi.

Ban ce shayin nan kaɗai ne ya jawo masa ba, zan dawo kan wannan. Amma tambayarsa ta tsaya mani a rai, domin tambayarmu ce mu duka. Mun iya binciken halal da haram, alhamdu lillahi. Ɗan'uwa zai juya gwangwani ya karanta ko akwai kitsen alade, zai tambayi wa ya yanka naman nan. Wannan daidai ne. To amma in kun lura, wuraren da Alƙur'ani ya yi umurni da cin halal, kamar a Suratul Baƙara da Ma'ida da Nahli, yakan haɗa shi da sifa ta biyu, wato ya zama ɗayyib, mai kyau, mai tsarki. A Suratul A'arafi kuma, a ayar da aka ba mu izinin ci da sha, a nan take aka hana mu israfi. Mun riƙe ta farko da hannu biyu, mun saki sauran.

Kada wani ya fita daga nan ya ce an ce sukari haramun ne. Ba mu da ikon haramta abin da Allah bai haramta ba. Ya ma tabbata a cikin Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) yana son abu mai zaƙi, yana son zuma. Sai dai ku tuna gidan da ake wannan son. Gida ne da Nana A'isha ta ba da labarin cewa wata yakan kama ya shuɗe ba a hura wutar girki ba, dabino da ruwa kawai. Zaƙi a wurinsu baƙo ne mai zuwa jefi-jefi. Mu kuwa mun ba shi ɗaki a cikin gida, da shi muke karyawa, da shi muke kwana.

Bari mu yi ɗan lissafi. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum yake samu daga abincinsa na yini. Ga baligi matsakaici, wannan wajen gram 50 ne, wato ƙaramin cokali 12. Suka ƙara da cewa in an sauko zuwa rabin haka, cokali 6, ya fi. To lemon kwalba irin wanda muka saba, kowace mililita 100 tana ɗauke da sukari wajen gram 10. Robar nan ta mililita 500 da yaro yake shanyewa a tsaye, ke nan sukarinta ya kai cokali 12 ko fiye. Kason yini guda ya tafi a roba ɗaya. Ba a yi maganar kokon safe ba, ba a yi maganar teburin mai shayi ba, inda za a zuba cokali huɗu a kuma tsiyaya madarar gwangwani mai zaƙi a kai. Ga fura da yanzu ba a dama ta sai da sukari, ga zoɓo, ga kunun aya, ga biskit da alawar yara. Kowa ya ƙirga nasa a zuci, ba sai ya faɗa ba.

Me yake faruwa in ya shiga? Allah cikin hikimarsa Ya halitta mana wata gaɓa a bayan tumbi wadda take fitar da wani sinadari, insulin. Aikinsa kamar na mai mabuɗi ne: in sukari ya shiga jini, shi ke buɗe ƙofofin tsoka da sauran sassa su karɓa su yi aiki da shi. In mutum ya ci tuwon dawa da miyar kuka, abincin yana narkewa a hankali saboda dusar da ke cikinsa, sukari yana shiga jini kaɗan-kaɗan, mai mabuɗi yana aikinsa cikin natsuwa. In kuwa lemo ne, babu abin da zai tare shi, gaba ɗaya yake afkawa. Kuma abin sha ba ya ƙosarwa, ka sha kwalba biyu ka zauna ka ci abincinka cif kamar ba ka sha komai ba. Rarar sai hanta ta mayar da ita kitse, ya taru a ciki da kewayen hanta. Shekara biyar, shekara goma ana haka, sai ƙofofin su fara taurin kai, ana sa mabuɗi ba sa buɗewa sosai. Gaɓar nan ta ƙara ƙoƙari, ta ƙara, har ta gaji. Daga nan sukari ya tsaya a cikin jini yana cin jijiyoyi a ɓoye: na ido, na ƙoda, na zuciya, na ƙafa. Shi ya sa dattijon nan bai ji ƙusa ba, jijiyoyin da za su kai saƙon zafi sun riga sun mutu.

Na yi alkawarin dawowa kan wata magana. Gaskiya ita ce ciwon sukari ba sukari kaɗai ke kawo shi ba. Akwai gado, akwai ƙiba musamman ta tumbi, akwai zama wuri ɗaya, akwai shekaru. Akwai ma wani nau'i da yake kama yara ƙanana wanda ba ruwansa da abin da suka ci, saboda haka in kun ga yaro da shi kada ku ɗora wa uwarsa laifi. Amma gado ba ka da iko a kansa, shekaru ba ka da iko a kansu. Abin da yake hannunka shi ne cokalin nan da ƙafafunka. A ƙididdigar Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta 2021, manya miliyan 537 ne ke da ciwon a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka, kuma fiye da rabin na Afirka ba su san suna da shi ba. Da muna kiransa ciwon masu kuɗi. Ku zo ku ga layi ranar asibitin masu sukari, ku ga ko masu kuɗi ne.

Yanzu ina so mu ɗan waiwaya baya, don mu san daga ina wannan farin gari ya zo mana. Kakanninmu sun san zaƙi, sun san zuma da rake da takanɗa da mazarƙwaila da ɗinya da kanya. Amma wanda yake shan rake sai ya ɓare, ya tauna, ya tofar, kafin ya gama sanda guda muƙamuƙinsa ya gaji. Allah Ya sa wa zaƙi shinge. Farin sukari mai arha, wanda aka cire wa shingen, tarihinsa ba mai daɗin ji ba ne. Gonakin raken da Turawa suka kafa a Barazil da tsibiran Karibiyan su ne babban abin da ya riƙa haɗiye bayin da aka kwasa daga Afirka. Sama da mutum miliyan 12 aka loda a jiragen ruwa aka ƙetare da su tekun Atlantika, kusan miliyan 5 daga ciki Barazil aka kai su. A cikinsu akwai Musulmi, akwai Hausawa. Tun daga 1807 Hausawan da ke bauta a lardin Bahiya suka yi ta yunƙurin tawaye, kuma a 1835, cikin watan Ramadan, Musulmi bayi, akasarinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka yi fitaccen boren nan a birnin Salvador, sanye da fararen riguna, da layu rubuce da Larabci a jikinsu. Aka murƙushe su, aka kashe na kashewa, aka yi wa wasu bulala, aka kori wasu. To yau mafi yawan sukarin da ake sha a Nijeriya ɗanyensa ake shigowa da shi, galibi daga Barazil ɗin nan, a tace a nan. Jiya sun ɗauki mutanenmu su noma masu, yau muna ɗaukar kuɗinmu muna saye, mu kuma ƙara da kuɗin magani. Wannan ya isa mai tunani ya dubi cokalinsa da wani ido.

Kuma kada ku ɗauka masu wannan kasuwa ba su san abin da suke sayarwa ba. A 2016 wasu masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka tono tsofaffin takardu, suka nuna cewa a shekarun 1960 ƙungiyar kamfanonin sukari ta Amurka ta biya wasu masana na Jami'ar Harvard dala 6,500 su rubuta nazari. Nazarin ya fito a 1967 a wata babbar mujallar likitoci, ya sassauta laifin sukari a ciwon zuciya, ya jingina abin ga kitse, kuma ba a bayyana wa masu karatu wa ya biya ba. Kusan shekara 50 kafin asiri ya tonu. Na kusa-kusa kuma, a watan Afrilu na 2024 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto cewa kamfanin Nestlé yana ƙara sukari a abincin jarirai na Cerelac da yake sayarwa a ƙasashen Afirka da Asiya da Latin Amurka, alhali irinsa da yake sayarwa a ƙasarsu ba a ƙara masa. Kamfanin ya ce yana bin dokokin kowace ƙasa. To in haka ne, sai mu tambayi masu yi mana dokokin: jaririnmu da nasu, ba hanji iri ɗaya Allah Ya yi masu ba? Meksiko ta sa haraji a kan lemuka masu sukari a 2014, Ingila da Afirka ta Kudu a 2018. Nijeriya ma ta sa a dokar kuɗi ta 2021, naira 10 a kan kowace lita, aka fara karɓa a 2022. Naira 10! Wa naira 10 za ta hana shan lemo?

Sukari yana da ɗan'uwa, shi ne abincin leda da kwali da gwangwani, wanda aka sarrafa a masana'anta har ba ka gane daga wace shuka ya fito. Taliyar nan da ake dafawa cikin minti uku, biskit, cincin ɗin leda, farin burodi mai laushi kamar auduga. An cire masu dusa, an cika su da gishiri da mai da sukari da ƙamshin haɗi, an tsara su yadda in ka fara ba ka so ka daina. A 2019 wani mai bincike a cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka, Kevin Hall, ya ajiye mutum 20 a asibiti wata guda. Mako biyu ana ba su irin wannan abinci, mako biyu ana ba su wanda ba a sarrafa ba, an ce kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta sai aka ga suna cin ƙarin kalori wajen 500 a kowace rana, nauyinsu ya ƙaru da kusan kilo guda. Da aka sauya masu sai nauyin ya sauka. Mutanen nan ba su zama masu haɗama a mako biyu ba, abincin ne yake ruɗin ƙoshi. Hadisin nan na Miƙdamu ɗan Ma'adikariba da Tirmizi ya ruwaito, wanda ya koya mana raba ciki gida uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi, kowa a nan ya haddace shi. Amma aiki da shi yana wuya matuƙa a kan abincin da aka ƙera don kada ka ji ka ƙoshi.

Ga iyayenmu mata da 'yan'uwa mata da ke bayan labule, ga kuma mu maza da muke ba da kuɗin cefane muna ƙorafin miya ba ta yi daɗi ba: ɗanɗanon nan na dunƙule da ake jefawa biyar, shida a tukunya ɗaya, kusan rabinsa gishiri ne, sannan a ƙara gishiri a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin baligi ya kai gram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke ɓoye cikin burodi da taliya. Hawan jini da shanyewar ɓarin jiki da muke ta kai mutane asibiti a kansu, da hannun gishiri a ciki. Daddawa tana nan, ba ta yi mana laifin komai ba, mun dai ɗauke ta abin ƙauye.

Na san abin da wani yake faɗa a ransa: Malam, mu da abincin ma ya gagare mu, kana maganar zaɓe? Wannan magana tana da nauyi, ban raina ta ba. Uwa da za ta tura yara makaranta da sassafe, gawayi ya yi tsada, taliyar leda ce mafi sauƙi gare ta. Leburan da ya sha shayi mai sukari da burodi, shi ne abin da kuɗinsa ya kai. Amma ku lura, abin da nake roƙo mafi yawansa ragi ne, ba ya cin kuɗi. Mai zuba cokali huɗu ya koma uku mako biyu, sannan biyu, sannan ɗaya. Harshe yana sabawa, bayan 'yan makonni in aka ba ka irin na da sai ka ji ya gundure ka. Kuɗin lemo roba ɗaya ya sayi gyaɗa ko ɗan wake ko dafaffen ƙwai. Gero, dawa, acca, wake, zogale, rama, kuɓewa, yakuwa, kabewa, duk a ƙasarmu suke fitowa. Sai dai ko tuwon dawa ne, malmala uku malmala uku ce, a rage tuwo a ƙara miya da ganye. Lemon zaƙi da mangwaro a ci su da ɓargonsu ya fi a matse a sha. Kuma kada a ce an gudu daga farin sukari an koma mazarƙwaila ko zuma ana kwarara su, a wajen jini kusan duk tafiyarsu ɗaya. Jariri kuwa da bai cika shekara ba, kada a ba shi zuma sam, tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba. Kunun yaye ma a bar shi ba sukari, yaron da bai san abu ba ba ya kukan sa.

Sai watan azumi, wanda ya kamata ya zama hutun ciki amma muka mayar da shi kakar sukari. An wuni da ƙishi, ana kiran salla sai a kafa kai a jug na zoɓo mai zaƙi, a bi da kunu mai zaƙi, a bi da lemo, sannan a tashi tarawihi ana layi kamar an yi dako. Sunna dabino ce da ruwa, kuma ƙwaya kaɗan. Wanda aka riga aka tabbatar yana da ciwon, musamman mai yin allurar insulin, ya ga likitansa tun cikin Sha'aban, ya kuma tambayi malamai hukuncin mara lafiya, Allah Ya yi masa rangwame. Irin wannan ɗan'uwa shi kam ya riƙa yawo da 'yar alawa ko ƙwayar sukari a aljihu, domin magani yana iya saukar da sukarinsa ƙasa ƙwarai, ya ji rawar jiki da gumi da jiri, a nan sukarin ne ceto. Kuma don Allah kada wanda yake shan magani ya ajiye shi saboda ya ji wannan jawabi, ko saboda mai lasifika a kasuwa ya ce yana da garin da ke raba mutum da ciwon sukari cikin kwana bakwai. Mun karɓi da yawa da suka bi wannan hanya, an kawo su a sume.

Wanda ya haura shekara 40, ko yake da mai ciwon a danginsa, ko tumbinsa ya riga shi shiga masallaci, ya je a auna shi da safe kafin ya ci komai. Ɗigon jini ne a ɗan yatsa. In ya nuna 126 ko sama, a wani ma'aunin kuma 7, sai a sake aunawa a tabbatar. Yawan fitsarin dare, ƙishin da ba ya yankewa, rama ba dalili, gani dishi-dishi, ciwon da ya ƙi warkewa, duk kada a tsaya ana cewa sammu ne ko shawara.

Akwai kuma abin da ya shafe mu a jama'ance, wanda in ban faɗa ba na ci amana. Walimarmu, sunanmu, saukar karatun yaranmu, tarurrukanmu, har buɗe-bakin da muke shiryawa a wannan masallaci, da me muke tarbar mutane? Kiret-kiret na lemo. Yaro ya haddace izu, ladansa alawa. Mu ne muke koya masu cewa farin ciki da zaƙi abu ɗaya ne. Ina roƙon masu kula da hidimar baƙi, a taro mai zuwa a gwada ruwan sanyi da dabino da gyaɗa, in za a yi zoɓo ko kunun zaƙi a yi randa biyu, ɗaya ba sukari, don dattawanmu masu ciwon su daina jin kunyar cewa a'a. Na san za a yi gunaguni, za a ce an yi rowa. A ce ni na sa.

Mun zo da na'urar awo guda biyu, ni da wani abokin aikina. Gobe in Allah Ya kai mu, bayan sallar Asuba, za mu zauna a nan shirayin masallaci, duk mai so ya zo kafin ya karya, kyauta ne. 'Yan'uwa mata kuma an shirya wadda za ta auna su a makarantar Islamiyya da ƙarfe bakwai. Na ga ladan yana duba agogo, masu tambaya sai bayan Magariba.